Ƙwayar da Yaya Habsu ta ɗaure a haɓar zane

Zuwa ga mai girma babban jami'in da aka ɗora wa alhakin rabon magani ga marasa lafiya a wannan yanki namu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, barka da haƙuri da jama'a a wannan shekara da Allah ya jarrabe mu da fari. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ban kuma taɓa ganin fuskarka ba. Na dai san kana nan, domin duk lokacin da na tsaya a tagar da ake ba da magani na yi tambaya, amsar da nake samu ita ce abin daga sama yake. To, ga wasiƙa zuwa sama. Na bar ta a buɗe kowa ya karanta, saboda na bi ta ƙofa na bi ta taga, na gaji.

Sunana Isuhu, tela ne ni a bakin kasuwar Tawa. Ban yi lakkol ba, wato boko, karatun manya na yi da yamma bayan na rufe shago, shi ya sa ka ga na rubuta da Hausa. Ko da na iya faransanci ma da Hausar zan rubuta, don maganar da ke tafe duk a kan abin da ba a gaya wa mutane ba ne cikin harshen da suke ji. Na san zamanin da muke ciki, kowa na auna maganarsa kafin ya fitar. Matata Rakiya ta ce in rufa wa kaina asiri in bar alƙalami ga masu shi. Ba gwamnati nake zagi ba, ba ni da wannan nufin, ba ni ma da wannan ƙarfin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar yayata ce, Habsu, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwarmu. Tana aure a wani ƙaramin ƙauye arewa da Barmu, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Mijinta da 'ya'yanta maza sun tafi cin rani Abijan kamar yadda mazan Adar suka saba, har yau ba su dawo ba, don babu abin da za su dawo su tarar. Gida ya rage a hannunta, ita da surukanta mata da jikoki. A bazarar da ta wuce ciwo ya kama ta. In ta ɗauko tulu daga rijiya sai ƙirjinta ya yi nauyi kamar an aza mata dutsen niƙa, ciwon ya gangara har hannun hagu, dole ta tsaya ta dafa wani abu. Daga baya ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarta, kwanciya ma ta gagara sai a jingine. Na je na ɗauko ta a motar kasuwa. Abin da ya biyo baya shi zan jera maka, yadda ya faru.

Na ɗaya, ranar da aka ba ta maganin.

Likitan da ya duba ta mutumin kirki ne, baƙo, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, ya riƙe wuyan hannunta yana kallon agogo, ya danna ƙafarta yatsansa ya lotsa. Wata ma'aikaciya ta fassara mana a gurguje cewa zuciyarta ta gaji, tana gudu fiye da ƙima, kuma gudun ne ke ƙara gajiyar da ita, za a ba ta abin da zai sa ta rage sauri ta samu hutu. Ya rubuta takarda, muka kai taga. Mai tagar ya karɓe takardar ya jefa a kwali, ya zuba 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi a yagen takarda, ya murɗe bakin yadda ake ƙunsa kanwa a kasuwa. Ya ce, "Guda kullum. In ya ƙare ki komo." Kafin mu buɗe baki ya kira na baya.

Wannan shi ne duk karatun da aka yi wa yayata a kan maganin da ke riƙe da zuciyarta. Babu suna a jikin ƙunshin. Ba a ce mata kada ta tsallake ba, ba a ce kada ta haɗa biyu ba, ba a ce kada ta ba kowa ba. Ni ma da ke tsaye kusa da ita ban ji fiye da abin da ta ji ba.

Maganin kuwa ya yi aiki, ba zan ɓoye alheri ba. Ta zauna gidana tana sha kullum a gaban Rakiya, haki ya ragu, nauyin ƙirji ya yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a kan yadda nake barin ƙyallaye a tsakar gida. Da na ji faɗan nan na san ta samu sauƙi. Ruwan farko na sauka ta ce ita gona za ta, babu wanda ya isa ya riƙe ta.

Na biyu, abin da ta yi da maganin a ƙauye.

Ranka ya daɗe, kai ka san magani, amma ban sani ba ko ka san matan Adar a shekarar yunwa. Ka ga yadda daminar nan ta yi mana. Ruwa ya ɗauke hatsi bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye. Mace irin Habsu ba wannan ne farinta na farko ba, ta ga na shekarun baya da ya share garken ƙauyensu. Abin da ta koya a can shi ne tattali. In ta auno hatsin daka sai ta ɗebe ɗan dintsi ta mayar cikin tukunya. Ranar da aka samu anza, 'ya'yan itacen daji, aka jiƙa ta ɗacin ya fita, ba a taɓa hatsi. Ranar da yara suka galabaita, a ƙara musu. Da wannan lissafin ta fitar da gidanta daga waccan yunwa ba ta binne kowa ba, kuma duk ƙauyen sun san haka, da ita ake ba amare misali.

To, da wannan hannun ta riƙe maganinku. Duk maganin asibitin da ta taɓa sani nibakin ne da asfirin, waɗanda in jiki ya yi zafi a sha, in ya sauka a ɗaure sauran don wata rana. An ce mata in ya ƙare ta dawo, dawowar kuwa ba wasa ba ce: sai ranar kasuwa ake samun mota, sai an sayar da wani abu a biya, sai an bar jikoki, ga hanyar duwatsu da ke girgiza mai lafiya ma balle mai ciwon ƙirji. Sai ta ga dabara ita ce kada ya ƙare. Ranar da ta tashi da sauƙi ba ta sha. Ta kan yi kwanaki a haka tana murna ta yi ajiya, sai ciwon ya dawo mata da ƙarfin da ya fi na da, sai ta haɗiye biyu ko uku ta rama. Daga nan jiri ya kwashe ta, ta wuni tana amai, ta ɗauka yunwa ce.

Ba nan abin ya tsaya ba. Tana da ƙawa tun ta 'yanmatanci, Tsahara, katanga ɗaya ta raba su. Rijiyarsu ta yi nisa a bana, an ƙulla igiya a kan igiya kafin guga ya taɓa ruwa, mata na ja da cikin da babu komai. Tsahara ta fara kukan zuciyarta na bugawa kamar za ta fito. Habsu da ba ta taɓa shan fura ita kaɗai ba in ta san maƙwabciya ba ta ɗora tukunya, yaya za ta yi? Da na tambaye ta daga baya, ga amsar da ta ba ni: "Ƙaƙa za ni ɓoye maganin kwanciyar zucciya ƙarƙashin tabarma, Tsahara na haki gabana? Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace na." Ta kwance ƙunshi ta ba ta biyu, don a wurinsu miƙa wa ƙawa guda ɗaya rowa ce.

Tsahara ta haɗiye su duka, da hantsi tana tsakiyar jan guga idonta ya rufe, gwiwoyinta suka saki, ta kife a kan itacen bakin rijiya, rabin jikinta a ciki. Allah ya sa akwai mata kusa, suka cafke zanenta suka jawo ta. Guga da igiya suka tafi ƙasa, haƙoranta na gaba suka karye a kan itacen. Mutanen ƙauye suka ce iskar rijiya ce ta buge ta, aka yi turare, aka hana ta zuwa ɗiban ruwa. Babu wanda ya kawo maganar ƙwaya a ransa, har ita Habsun. Ni ma da direban motar kasuwa ya ba ni labari, jaje kawai na aika.

Na uku, dawowarta taga.

Sai da sanyi ya shigo ta iso Tawa. Da ƙyar aka sauko da ita daga mota, ƙafafun sun koma yadda suke har sun fi, leɓɓanta sun yi duhu. Amma fuskarta da fara'a. Tun ba ta huta ba ta kwance haɓar zanenta ta nuna mini ƙwaya ɗaya da ta rage, ta ce in duba, maganin da aka ba ta na ɗan lokaci ta ja shi tun daga shuka har sanyi, har ta taimaki wata a ciki.

Washegari na kai ta taga a bayan keke, ta yi wannan bayanin da bakinta. Mai tagar ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji: "Da kin sha yadda anka ce maki, da tuni kin komo. Ku mutanen ƙauye ba ku jin magana, sai kun kashe kanku ku ce likita na." Matar da ta haura hamsin, wadda ƙauye guda ke girmamawa, ta sunkuyar da kai a gaban yaran da ta yi jika da su. Muna fita ta ce mini a hankali, "Isuhu, ni na aza yaba mani za a yi." Ranka ya daɗe, na sha jin maganganu masu zafi a rayuwata, amma wannan ta fi ci mini rai, kuma har yau ba ta bar ni ba.

Bayan faɗan sai aka ce irin maganinta ya ƙare, sai mota ta zo daga Yamai, babban birni. Na ce to a gaya mini sunansa in nema a gari. Aka ce takardar tana cikin kwali, kwalin kuma an kwashe. Na ce a haɗa mu da likitan da ya rubuta, aka ce an yi masa canjin wurin aiki tun kaka, ba a kawo madadinsa ba. Ma'aikatan da suka rage ƙyanda da gudawa sun sha musu kai, yara na kwance har a baranda. Ɗaya daga cikinsu ya ba ta asfirin ya ce ta rage gishiri ta huta.

Tun daga ranar nake zarya. Ni tela ne, na san "dawo gobe", da ita nake cin abinci, babu wanda zai koya mini ita. Na sha gaya wa mutum rigarsa saura maɓalli alhali ban ko yanka ba. Watakila alhakin masu riguna ne ke bibiyata. Amma riga tana jira, mai ita ya yi fushi ya sa tsohuwa ya tafi sallah. Zuciyar yayata ba ta da tsohuwar da za ta sa kafin gobe.

Na huɗu, bayanin da ya kamata a yi mana tun farko, da inda na same shi.

Akwai wani dattijo mutumin Maradi da nake wa ɗinki, majo ne a da, wato babban ma'aikacin jinya a asibiti, ya daɗe da ajiye aiki. Ya zo gwajin kaftani ya ga ba na cikin hayyacina, na ba shi labari. Ya cire kaftanin ya zauna. Ya ce irin wannan magani ba na kashe ciwo ba ne da ake sha in an ji zafi. Linzami ne ake sa wa zuciya don ta yi tafiya a hankali, ta cika ta tura jini ba tare da ta wahala ba. Dole a sha kullum, da sauƙi da rashin sauƙi, gwargwadon yadda aka ce. In aka yanke shi kwatsam zuciya na iya zabura, ciwon ƙirji ya dawo da ƙarfi. In aka haɗa biyu ko uku tana iya yin sanyi har mutum ya faɗi. Wanda ba don shi aka rubuta ba, balle mai yunwa, yana iya kai shi lahira. Kuma mai shansa ana so lokaci-lokaci wani ya riƙe wuyan hannunsa ya ji ko bugun bai yi ƙasa da yawa ba.

Duk wannan bayani bai ɗauke shi lokacin da nake ɗauka in ɗinke maɓalli ba. Da na koma gida na maimaita wa Habsu, sai ta tambaye ni ko ke nan ita ce ta kusa jefa Tsahara rijiya. In kunne ya ji jiki ya tsira, haka ne, amma kunnen nan babu wanda ya gaya masa komai.

Na nuna wa majo ƙwayar ko zai gane ta. Ya juya ta a tafin hannunsa ya ce fararen ƙananan ƙwayoyi suna da yawa, masu rage gudun zuciya ma ba iri ɗaya ba ne, wani ya dace da mai kumburi, wani kuma cutar da shi zai yi, shi ba zai yi canke da ran mutum ba. Ya ce sai wanda ke da gwangwanayen maganin a gabansa ya gwada ya gani. Akwai wani ɗan kasuwa maƙwabcin shagona da ke ratsa daji zuwa Sakkwato duk da iyaka na rufe, ya ce in ba shi suna ko in ba shi ƙwayar ya tafi da ita. Suna babu. Ƙwayar kuma Habsu ta ce ba za ta bar hannunta ba, in aka ƙwace kayansa a hanya shi ke nan.

Yanzu ga roƙona, ranka ya daɗe, ba shi da yawa.

A kawo maganin. Ina ganin manyan motoci na wucewa ta gaban shagona da buhunan jar dawa ta taimako, soja a sama, sun nufi Barmu da Affala da Kalfu. Mun gode, ta ceci rayuka. Maganin da zai riƙe masu ciwon zuciya na yankin nan duka ban ce zai cika kwandon da direba ke ajiye goronsa ba. In akwai wurin buhu, akwai wurinsa.

A riƙa rubuta sunan magani a jikin ƙunshi, a bar wa mai ciwo takardarsa. Ko shi bai iya karatu ba, wani zai karanta masa.

A gaya wa mutane, da Hausa, da Buzanci ga masu jin Buzanci, cewa wannan ba nibakin ba ne: ba a tsallakewa, ba a ramawa, ba a kyauta da shi. A faɗa a taga, a faɗa a rediyo inda ake mana bayanin taki da allurar shanu. Kada a ce wa mace a shekarar fari "in ya ƙare ki komo" a tsaya nan, don ba za ta bari ya ƙare ba. A gaya mata ranar da za ta dawo. In da hali, a ajiye maganin a ɗakin magani mafi kusa da ƙauyukansu, inda za a riƙa taɓa hannunsu, ba sai an jijjiga mai ciwon zuciya a bayan mota har Tawa ba.

Mai taga kuma ba na neman a hukunta shi, shi ya sa ban kama sunansa ba, ban faɗi wace taga ba ce. Na gan shi shi kaɗai tun safe, layi har bakin titi, ko ruwa ba ya samun sha. Ya ci mutuncin yayata, wannan tsakaninsa da Allah. A ƙara masa mutum, ko ya samu numfashin da zai yi wa mai ciwo magana.

Na gaji, ranka ya daɗe. Ba fushi ke sa ni rubutu ba, fushin ya ƙare tun zaryar farko. Na dawo da keken ɗinkina gida don in kasance kusa da ita. Tana zaune a zaure jingine da buhun ƙyallayen nan da take mini faɗa a kansu, yanzu ba ta da numfashin faɗa. In ina taka keke ina jin hakinta ta cikin ƙarar. In ciwon ya taso, hannu ɗaya na kan ƙirjinta, ɗayan na riƙe da ƙullin haɓar zane. Majo ya ce ƙwaya ɗaya ba za ta tsinana wani abu ba yanzu, na sani, amma ɗan'uwa ba ya iya zama yana kallo. Na roƙe ta ta sha ko za ta samu sauƙin wuni guda. Ta ce, "Ba a dakin hatcin shibka, Isuhu. In na haɗe ta, mi za mu gwada masu ran da mota taz zo?"

Na daina roƙonta. Duk babbar motar da ta wuce sai ta ɗago kai ta dube ni, ni kuma in ci gaba da ɗinki.

In motar ta zo da wuri, aiko kowa bakin kasuwa ya tambayi Isuhu tela, zan kawo ta a bayan keke ta nuna ƙwayarta da hannunta. In kuwa ta makara, ni zan kwance haɓar zanen, in kawo maka ƙwayar har ofishinka. Ba zan yi maka hayaniya ba. Sunanta kawai za ka gaya mini.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ba ka mataimaka nagari, ya kare ka da iyalinka daga ciwon da za ku tsaya a taga kuna jira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da mazanmu gida lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isuhu tela, ƙanen Habsu,
bakin kasuwa, Tawa.